Motar Gindin Tsamiya

Rana ta yi ja ta sunkuya bayan itatuwan maƙwabta, kaji sun fara neman makwanci, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gidan Barmo da ke Gazawa ya ƙi tashi sama. Lokacin nan ne da tsofaffi ke kiran yara su shigo ɗaki, a rufe ƙorai, a rage magana. Barmo kuwa bai ma san rana ta faɗi ba. Rabin jikinsa na cikin mota, ƙafafunsa na waje, yana kokawa da kujerar baya wadda ta ƙi fita tun la'asar.

Barmo ɗan kasuwar wake ne, yana da babur ɗinsa mai lafiya, ba abin da ya rasa na hawa. Amma kowa da irin haukarsa. Wani tantabaru, wani ragon layya, shi kuwa matattun motoci. Shi da amininsa Sabo mai walda sun shekara da shekaru suna zama ranar Juma'a da yamma, ana dafa shayi ana gardamar inji, kowa na rantsuwa wata rana zai tayar da tsohuwar mota ta yi gudu har garin ya fito kallo. Sabo yana da tasa gawar a bayan shago, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Barmo kuma ya je ya jawo wadda ta fi kowace daraja a zuciyarsa, Fijo kat-san-kat mai dogon baya, wadda mahaifinsa ya yi jigilar fasinja da ita a ƙasar Gobir tun Barmo bai kai tsawon sitiyari ba.

Tun rasuwar tsohon take ajiye a gindin wata tsamiya bayan garin Gidan Sori. Shekara ashirin da wani abu tana nan, ruwa ya doke ta, rana ta gasa ta, amma ko madubi ba wanda ya cire. Masu yawon sayen tsohon ƙarfe, waɗanda ko murfin tukunya suka gani sai sun ɗauka, su ma ratse ta suke yi. Barmo ya ce ai girman mahaifinsa ne ake gani. Bai tsaya ya tambayi kansa ba ko girman mamaci na hana ɓarawo aikinsa. Ranar da aka shigo da ita gidan, mahaifiyarsa Inna Delu ta leƙo ta dube ta, ta ce, "Abin da ya daɗe zamne gindin tsamiya, kun yi sallama kahin ku ɗauko shi?" Barmo ya yi dariya ya ce ƙarfe ne, Inna, ba amarya ba.

To, a wannan yammacin kujerar ta yarda ta fita. Barmo ya haska ƙarƙashinta ya ga abin da bai zata ba. Duk sauran motar tsatsa ce da ƙura da kashin ɓera, amma wannan lungun sumul yake, kamar ɗakin da ake sharewa kullum. Sai dai baƙaƙen tururuwa da suka fara tasowa daga wani rami suna bazuwa. Ya ɗaga murya ya kira 'yarsa Rukaiya, budurwa mai hankali da ke ajin ƙarshe a lakol, wato makarantar boko, ya ce ta kawo ruwan da uwarta ta ɗora na tuwo.

Ta zo da tukunya tana tururi, ta riƙe ta da tsumma. Ta tsaya bakin ƙofar motar ta dubi sama.

"Baba, magariba fa ta yi."

"Zuba, ke dai, kahin su watsu cikin mota."

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a watsa tafasasshen ruwa da almuru, in kuwa ya zama dole sai an yi bisimilla, an ce masu wuri su kauce. Rukaiya ta sani, Barmo ya fi ta sani. Amma shi yana sauri, ita kuma tukunya na ƙona mata yatsu. Ta juye ruwan gaba ɗaya bakinta a rufe.

Wata siririyar ƙara ta fito daga cikin motar, kamar ta ɗan akuyar da aka taka. Kajin da ke kan katanga suka yi tsit. Barmo ya ce ƙarfe ne mai sanyi ya gamu da ruwan zafi. Ladan ya ɗaga kiran salla, Barmo ya tafi alwala ya bar yarinyar tsaye da tukunya a hannu, tana kallon wurin da tururi ke tashi.

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗakin Husaina, uwar Rukaiya, ana cikin cin tuwo. Na biyu ya biyo baya, na uku ya fasa randa. Barmo ya fita da fitila da sanda ya zagaye gidan yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Layin babu kowa sai wata jaka da ke ɗaure tana kaɗa kunne. Da ya dawo Husaina ta miƙa masa abin da ta tsinta a gindin randar. Ba dutse ba ne, noti ne na mota, kuma da ɗumi kamar yanzu aka ciro shi daga wuta.

Daga ranar magariba ta daina zama lokacin hutu a gidan. Da zarar rana ta ɓace sai jifa ya fara, ya ɗan jima, ya tsaya da kansa. Wani lokaci a ji kamar ana rarrashin jariri can wajen motar, murya ƙasa-ƙasa, in an nufi wurin ta koma bayan ɗakin girki. Husaina ta fara zargin wata maƙwabciya da suka taɓa yin cacar baki kan magudanar ruwa, ta daina amsa gaisuwarta. Maƙwabciyar ta ce ai su suka san abin da suka binne a gidansu. Inna Delu ba ta zargi kowa ba, carbinta kawai ta ƙara ja.

Abin da ya fi ci wa Barmo rai ba jifan ba ne. Duk abin da ya ɗaure a injin da rana, in gari ya waye sai ya tarar an kwance. Kuma ba kwancewar hauka ba. Buji, wato fulogi, a jere a kan bulo, notuna manya gefe guda ƙanana gefe guda, bel a naɗe an ajiye. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon wannan tsari, zuciyarsa na tafasa. Yaron unguwa ba ya aiki haka. Wannan hannun wanda ya san mota ne, kuma a duk Gazawa mutum nawa ne suka san cikin kat-san-kat? Sai ya tuna ranar da suka jawo ta, Sabo ya shafa bayanta ya ce cikin raha, "Ka bar mini ita, Barmo, ni ke da wutar walda, kai wake ka sani." A ranar dariya suka yi. Yanzu maganar ta dawo masa da wata fuska dabam.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma Barmo ya rungumi nasa kamar ɗan fari. Ya sa wa ƙofar gida sabon kwaɗo. Ya bi katanga ya dasa fasassun kwalabe. Da yamma ya ɗebo toka ya barbaɗa kewaye da motar, ya hana kowa ratsawa, ya ce gobe za a ga ƙafar ɓarawo. Da asuba ya fito tun kafin ya tafi masallaci. An kwance injin kamar kullum. A kan tokar kuwa sawu ɗaya ne, ƙafa ba takalmi, 'yar siririya, ta fito daga ɗakin Rukaiya ta koma.

Ya tashe ta ya tambaye ta. Ta dubi ƙafafunta da suka yi fari da toka, ta dubi hannuwanta da ba ɗigon baƙin mai ko ɗaya, ta fashe da kuka ta ce wallahi ba ta san ta fita ba. Wani uban da nan zai tsorata. Barmo sai ya ƙara ɗaure zarginsa da wata igiya: ai Rukaiya ƙawar 'yar Sabo ce, kullum tana gidan. Wa ya san abin da aka ba ta ta ci, ko abin da aka raɗa mata?

Ranar Juma'a ya tafi shagon walda, ba don shayi ba. A gaban mutane ya tsaya ya ce wa Sabo, in mota yake so ya fito fili ya faɗa, ya bar bi ta kan ɗiyar mutane. Sabo ya kashe wutarsa, ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Ni, Barmo? Ni da na yanka ragon sunan yarinyar nan da hannuna?"

"Kai ka san abin da ka yi."

Sabo ya mayar da gilashinsa ya ci gaba da aiki.

Rukaiya kuwa sai ƙara nisa take yi. Ta daina zuwa lakol. Ta daina cin duk abin da ya taɓa wuta, sai fura mai sanyi, ita ma kurɓi biyu. In tukunya ta fara tafasa a murhu sai ta toshe kunnuwa ta shige ƙuryar ɗaki tana makyarkyata. Hannunta na dama, wanda ya karkata tukunyar, ya yi ja ya tashi bororo tun daga wuyan hannu har gwiwa, alhali ko ɗigon ruwan bai taɓa ta ba. Aka kai ta likita, aka duba, aka ba da man shafawa, aka ce ƙuna ce. Husaina ta ce ƙunar me? Da almuru sai a nemi yarinyar a rasa, a same ta zaune a bayan motar inda aka cire kujera, ta haɗa hannuwa a ƙirji tana jijjiga abin da ba kowa ke gani ba.

Wata magariba Husaina ta je fito da ita, ta kama kafaɗarta. Rukaiya ta waiwayo a hankali. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, mai kauri, da Gobiranci irin na ƙauye wanda yarinyar da aka haifa a Gazawa ba ta taɓa yi ba.

"Ɗauke hannunki. Ɗana na kwana."

Husaina ta ja da baya har ta faɗi zaune. Washegari ba ta nemi shawarar mijinta ba. Ta yafa mayafi ta shiga motar Agiye, ta dawo bayan azahar tare da wani dattijo siriri mai farin gemu, Malam Musbahu, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Barmo ya karɓe shi da ladabi, ya shimfiɗa masa tabarma. Amma da ya keɓe da Husaina ya tambaye ta wa ya nuna mata gidan malamin, ta ce Sabo ne ya kwatanta mata, sai fuskarsa ta canja. Ya ce a ransa, to, ga ƙarshen wasan ya zo.

Malam Musbahu bai yi gaggawa ba. Ya sha ruwa, ya yi la'asar, ya sa aka kawo masa ganyen magarya aka daka aka zuba a ƙwarya. Ya zagaya motar hannuwansa a baya, bai taɓa ta ba. Ya tambayi inda aka samo ta, Barmo ya faɗa a taƙaice. Ya tambaya ko an yi wani abu a cikinta da magariba. Barmo ya ce gyara dai ake yi. Inna Delu daga bakin ƙofarta ta ce, "Ruwan zahi anka zuba, Malam." Malamin ya gyaɗa kai, bai dubi Barmo ba, kuma wannan rashin duban ya fi zagi ciwo.

Da inuwa ta cinye tsakar gidan aka fito da Rukaiya aka zaunar da ita a tabarma kusa da motar, uwarta na riƙe da ita ta baya. Malam ya fara karatu, murya a kwance, ba ɗagawa ba saukarwa. Aka daɗe ba abin da ya motsa. Sai wani noti ya faɗo kan kwano, ya gangaro, ya tsaya daidai gaban tabarmar. Malam bai katse aya ba. Ya tsoma yatsu a ƙwarya ya yayyafa wa yarinyar. Jikinta ya sandare, kanta ya koma baya, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Bari, malam. Bari. Kana ƙona ni bisa ƙuna."

"Assalamu alaikum," in ji Malam Musbahu. "Ke wace ce, kuma mi ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Ni ad da gida. Su sunka zo, ba ni na zo ba."

Muryar ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana numfashi. Ta ce tun shekarar da aka ajiye motar a gindin tsamiya ta shiga da iyalinta, ba ta taɓa cutar da ko akuya ba. Ranar da aka zo da igiya aka ja gidanta ba wanda ya ce mata kanzil, ta yi haƙuri ta biyo. Aka yi ta bugu da kankara da ƙarar guduma, ta yi haƙuri. Ta mayar da ƙaramin ɗanta lungun da ya fi ko'ina shiru, ƙarƙashin kujera, ta kwantar da shi. Nan muryar ta karye.

"Ko kare za a kora ana ce mishi tashi. Kalma guda, malam. Da sun ce bisimilla da na ɗauke shi."

Husaina ta fara kuka ba sauti. Malam ya ce an yi kuskure, kuma kuskure ne babba, amma yarinyar aike ta aka yi, ba ta san da kowa a wurin ba. Ya tambayi abin da zai raba wannan rigima.

"Ta zamna wurina ta yi renon ɗana har shi warke."

"Wannan ba zai yiwu ba. Ɗiyar mutane ce, tana da nata iyaye."

"To ta bar mini hannun da ya zuba."

"Shi ma ba naki ba ne, ba nata ba ne, na Wanda ya halicce ku ne ku duka. In ke musulma ce kin san zalunci bai gyara zalunci. In kin ƙi, ga karatu nan, ban gaji ba."

Ya ɗaga ƙwaryar. Jikin yarinyar ya ƙanƙame. Aka ji kiran salla ya fara daga masallacin nesa. Barmo ya matso da sauri ya ce zai yanka rago, zai yanka biyu, zai yi sadaka. Kan Rukaiya ya juyo wajensa, bakinta ya yi wata dariya marar daɗi.

"Rago zan shiga in kwana? Gidana nika so. Ka maishe shi inda ka ɗauko shi kahin rana ta faɗi gobe. Kuma wutar da kaka son hurawa cikin cikinshi, ka kashe ta da hannunka, yadda ba mai sake tashe ta. Gida ba ya gudu bisa hanya da ɗiya a ciki."

Nan fa zargin Barmo ya miƙe tsaye. A kai mota daji a ajiye, bayan an sa mata sababbin tayu da fenti da batir? Wa zai amfana in ba mai wutar walda ba? Ya dubi malamin da Sabo ya kwatanta, ya dubi 'yarsa da ke yini gidan Sabo, ya ce da ƙarfi, "Wa ya kitsa miki wannan magana? Sabo ne ko?"

Malam Musbahu ya ajiye ƙwaryar. "Barmo, ni ko tuƙa keke ban iya ba, ban san abin da ake da mota ba in ba shiga ba. Ban ce ka yarda da ni ba. Ɗiyarka dai ga ta nan, dube ta."

Ya duba. Bororon da ke hannunta yana tashi a kan idonsa, yana haurawa sama da gwiwa zuwa kafaɗa. Sai tsohuwar muryar ta janye kamar an buɗe ƙofa, wata ƙaramar murya ta leƙo daga can ciki, wadda ya sani tun tana koyon magana.

"Baba, zafi. Baba, ka ce su bari."

Gaskiyar magana, ko a wannan lokacin Barmo bai gama yarda ba. Wani ɓangare na zuciyarsa na nan yana lissafin yadda za a iya shirya irin wannan wasa. Amma tsoro ya fi zargi nauyi, kuma son 'yarsa ya fi su duka. Ya durƙusa a ƙasa.

"Na yarda. Wallahi na yarda. A sake ta."

Malam ya sa muryar ta yi alkawari da sunan Allah, ta yi. Ta ce za ta riga su zuwa gindin tsamiya ta jira, yarinyar kuma za ta yi barci har a cika magana. In rana ta faɗi ba a cika ba za ta dawo, kuma ba za a sake jin bakinta ba, sai dai a ga aikinta. Rukaiya ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun uwarta. A wannan magaribar ba abin da ya faɗo kan kwano.

Sauran aiki ya rage, domin injin a warwatse yake a kan bulo, kuma neman babbar motar da za ta ɗauki Fijon zuwa Gidan Sori ba abin yini ɗaya ba ne. Dole ta tafi da ƙafarta. Mutum ɗaya ne a garin zai iya haɗa ta kafin hantsi. Bayan sallar asuba Barmo ya tsaya a ƙofar gidan Sabo, ya yi sallama, ya rasa ta inda zai fara. Sabo ya fito ya dube shi, ya koma ciki. Barmo ya ɗauka an rufe masa ƙofa ke nan. Sai ga shi ya fito da akwatin kayan aikinsa a kafaɗa.

Suka yi aiki ba hira, wannan ya miƙa hannu wancan ya sa masa abin da yake nema. Da rana ta ɗaga Barmo ya zauna a mazaunin mahaifinsa ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Ba tari, ba hayaƙi, sai wani gurnani mai laushi da ya cika tsakar gidan. Sabo ya cire hularsa ba tare da ya sani ba. Wannan ce ƙarar da suka shekara suna mafarki a bakin shayi, ga ta ta zo a ranar da ba mai iya yin murna.

Barmo ya leƙa ɗaki ya ga Rukaiya na barci, numfashinta a hankali. Ya fito ya ja mota, Sabo na biye da shi a babur. A kan kwalta ta miƙe kamar ba ta taɓa kwana a daji ba. A Agiye masu shayi suka miƙe suna nuna ta, wani tsohon direba ya biyo ta da gudu yana tafa hannu. A shingen hanya wani jandarma ya zagaye ta yana murmushi, ya tambayi shekarunta, ya ce kakansa ma irinta ya tuƙa. Barmo ya ji daɗi, ba zai yi ƙarya ba, daɗin da bai taɓa ji ba tun yana yaro a gefen mahaifinsa. Bayan Maradi har ya kama kansa yana tunanin ya wuce kawai, ya ɓoye ta a wani gari, ya dawo ya ce an yi. Ya dubi madubi ya ga Sabo a baya cikin ƙura, ya sake tambayar kansa ko mutumin nan rakiya yake yi ko gadin kayansa. Sai ya tuna ƙaramar muryar nan, ya karya kan mota ya bar kwalta bayan Tibiri.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa. Tsamiyar na nan da faɗin inuwarta, har ramukan da tsofaffin tayu suka bari ba su cike ba. Barmo ya yi sallama da murya sosai, ya mayar da motar daidai mazauninta, ya bar injin na aiki. Ya buɗe gaba, ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai. Ya tsuguna ya cika tafin hannunsa da yashi, ya tsaya.

"In ba ka iyawa, kawo in zuba," in ji Sabo a hankali.

"Da hannuna anka ce."

Ya yi bisimilla ya zuba. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Da farko injin bai nuna ya ji ba, ya ci gaba da gurnaninsa mai daɗi, har Barmo ya ji kamar yana yanka dabbar da ke lasar hannunsa. Can sai ƙarar ta fara kaushi, ta koma ƙugi, motar ta yi rawa, wani abu ya ƙara a ciki kamar an karya ƙashi. Ta tsaya. Shiru ya dawo gindin tsamiyar, ganye ɗaya bai motsa ba. Barmo ya bar makullin a jiki, ya rufe ƙofa a hankali kamar mai gudun tashin wani daga barci. Da ya juyo ya ga Sabo na share ido da bakin riga, kuma mai son gadon mota ba ya kuka irin wannan. Kunya ta rufe shi, ya buɗe baki zai yi magana, Sabo ya ce, "Hau mu tahi, hanya da nisa."

Duk tsawon hanyar wayarsa na aljihu, bai iya kiran gida ba. Yana tsoron a ce masa har yanzu barci take, ya zama ya kashe ɗaya bai ceto ɗaya ba. Sun shigo Gazawa ana fitowa daga sallar isha'i. Ƙofar gidan a buɗe take, fitila na ci a tsakar gida. Rukaiya na zaune a tabarma kusa da kakarta, kwanon tuwo mai tururi a gabanta, tana ci da hannun dama. Ta rame, amma idanun da suka ɗago suka dube shi nata ne.

"Sannu da zuwa, Baba. Sannu, Baba Sabo." Ta waiwaya wajen da bulo da tabon mai suka rage a ƙasa, ta yi mamaki. "Ina motar kaka? Ko ta tashi ban gani ba?"

Husaina ta girgiza masa kai a ɓoye, ya gane yarinyar ba ta tuna komai ba, kuma ba a so ta tuna. Ya zauna a gefen tabarmar. Har yanzu akwai yashi a ƙarƙashin faratansa.

"Ba ta tashi ba, ɗiyata," ya ce. "Mun yi iya yinmu ni da Sabo, ta ƙi. Ci tuwonki tun bai huce ba."